Yadda na bi diddigin ƙarar da ta addabi na'urar jina, daga Kaduna har Abuja

Shekaru masu yawa na yi a ɗakin saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe a sallame mu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin nan ya san ba a magana a cikinsa sai da hannu da ido, saboda rugugin injuna. Abin da na fito da shi, ban da kuɗin sallama da ba su taka kara sun karya ba, shi ne kunnen da ke jin murya amma ba ya tsintar kalma. Da na buɗe shagon kayan masarufi abin ya ƙara fitowa fili: mai saye ya ce sittin, ni kuma na ji tis'in, a yi ta gardama. Yarana suka haɗa kuɗi suka saya mini na'urar taimaka wa ji guda biyu, irin wadda ake ratayawa a bayan kunne, mai siririn tiyo da ke gangarowa zuwa wata roba da aka zuba daidai ramin kunnena. Shekarun farko lafiya ƙalau. Abin da zan ba da labari ya faro ne a tsakiyar wani hunturu, kuma bai ƙare ba sai da damina ta yi nisa.

Ta hagu ce ta fara. Da na juya kai ko na tauna abinci sai ta saki wani fito mai kaifi, wanda na kusa da ni ma yana jinsa. A sahun sallah har maƙwabcina ya taɓa waigowa bayan sallama yana tambayar ko wayata ce. Na rage ƙarfinta, fiton ya tsaya, amma magana ta dushe. Bayan ɗan lokaci ta dama ita ma ta bi sahu, ita ba fito take ba, sai dai sautinta ya yi nauyi, ya yi nisa. Na koma shagon da aka sayo su. Yaron da na tarar ya sa sabon batir, ya kara a kunnensa, ya girgiza kai ya ce, "Baba, wannan ta gaji. Ko dai a aika Legas a duba, ka ajiye rabin kuɗin gyara, ko kuma ka ɗauki sabuwa, akwai mai caji." Na ce kuɗin gyaran nawa ne, ya ce sai an buɗe. Ko leƙa kunnena bai yi ba, kuma babu abin leƙawar a shagon. Na karɓi kayana na fito raina a ɓace, don na san abin da yaran nan suka sha kafin su tara kuɗin, ba ni da fuskar da zan sake kallonsu da maganar sabuwa.

Wani tsohon abokin aikina, wanda matarsa ke jinya a asibiti, shi ya ce in fara zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin gwamnati. Wanda zai je ya sani ba kullum likitocin sashen ke ganin marasa lafiya na waje ba, akwai ranakunsu, don haka a tambaya tukuna. Na yi sammako bayan asuba, na tarar da layi tun daga tagar yankan kati. Daga nan sai wajen biyan kuɗi, a ba ka rasit, ka kai ɗakin fayil, sannan ka zauna a benci ka jira kira. Kuɗin kati da na ganin likita gaba ɗaya ba su kai abin da nake kashewa a batir na wata biyu ba. Wahalar jiran ga mai irin lalurata daban take: ma'aikaciyar jinya tana kiran suna daga bakin ƙofa, cikin hayaniya, ga na'urata ba ta aiki yadda ya kamata. Sai na je na gaya mata tun da wuri. Ta ce, "Baba zauna nan kusa da teburina, in an zo kanka zan yafito ka." Haka kuwa ta yi, wajen azahar.

Likitan ya haska kunnen hagu da ƴar fitilarsa, ya ce ko dodon kunnen ba ya hange, datti ya cushe ramin ya daskare. Ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na ji tun ranar da aka saya mini na'urar. Kunne da kansa yake turo dattinsa waje a hankali, to robar da ke toshe shi daga safe zuwa dare tana hana wannan fitar, har tana ƙara danna shi ciki. Idan sautin da na'ura ta aika ya tarar da bango a gabansa, sai ya dawo baya, ya zurara ta gefen robar, ya sake shiga makirfo, na'ura ta sake ƙara masa ƙarfi, ya yi ta zagaye. Wannan zagayen shi ne fiton. Ya ce kada in sa tsinken ashana ko gashin kaza ko audugar nan mai tsinke, ya rubuta mini maganin ɗigawa na laushin datti, ya ce in ɗiga na ƴan kwanaki in dawo a wanke. Ya tambaya ko an taɓa ce mini dodon kunnena ya huje ko kunnen na zubar da ruwa, don in da haka ne ba za a wanke da ruwa ba. Kwanakin ɗigawar sun fi komai takura ni, domin dattin yana kumbura kafin ya saki, ji ya ƙara toshewa. Ranar wankin da ruwa mai ɗumi daidai jiki aka yi amfani. Ma'aikaciyar ta ce in ya yi sanyi ko zafi jiri yake sa mutum. Abin da ya fito daga kunnen ban so in kwatanta shi ba. Na mayar da na'urar hagu a nan take, fiton ya ragu sosai, amma bai tafi gaba ɗaya ba.

Daga nan aka tura ni ɗakin gwajin ji, wanda shi ma da rasit ɗinsa daban da ranarsa daban. A nan na sadu da wata matashiyar jami'a da ta fi kowa amfanar da ni a wannan zirga-zirga. Kafin ta taɓa kunnena sai ta karɓi na'urorin, ta haɗa kowace da wani abin saurare mai kama da na likita, ta yi ta magana a makirfon tana saurare. Ta lanƙwasa tiyon hagu ta nuna mini: ya yi rawaya, ya bushe, ya yi tauri, ga wata ƴar tsaga daidai inda ya haɗu da ƙugiyar na'urar. Ta ce, "Baba yaushe rabon da a canza wannan?" Na ce tun da aka saya. Ta ce tiyon nan ba ya wuce ƴan watanni, uku zuwa shida, yake taurarewa, kuma ta tsagar nan sauti ke tsiyaya ya koma makirfo. Ta dama kuwa ƙura ce ta cika ƙananan ramukan makirfonta, ga datti ya toshe bakin robar kusan rabi. Shagona a bakin titi yake, hunturu kuma kowa ya san halinsa. Ta goge ramukan da ɗan ƙaramin burushi tana riƙe da na'urar a kife don kada ƙurar ta faɗa ciki, ta cire robobin ta wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ta busar da tiyon da wata ƴar roba mai hura iska, ta sa sababbin tiyo ta yanka daidai tsawon kunnena. Kuɗin tiyon biyu bai kai kuɗin Keke Napep ɗin da ya kawo ni ba. Na'urar da aka ce ta gaji ke nan.

Ta koya mini gwajin da zan riƙa yi a gida kafin in tayar da hankalina. In kunna na'ura in dunƙule ta a tafin hannu: in ta yi fito, to batir da lasifikarta na aiki, matsalar tana wajen tiyo ko roba ko kunne. In ba ta yi ba, in cire tiyon daga ƙugiya in sake gwadawa. In ta yi fito yanzu, toshewa ce a tiyo ko roba. In har yanzu shiru, in sa mata batirin da na tabbatar yana aiki a ɗaya na'urar. A kan batir ma ta yi dogon bayani. Nawa lamba 13 ne, mai takardar lemo. Akwai 312 mai ruwan ƙasa, da 10 mai rawaya, da 675 mai shuɗi, kuma wannan launin iri ɗaya ne ko wane kamfani ya yi. Da iska batirin ke aiki, takardar da ke manne a bayansa ƙananan ramukan iska ta rufe. In an ɓare a ba shi kamar minti ɗaya ko biyu ya sha iska kafin a rufe shi a na'ura, kuma da zarar an ɓare ya fara ƙarewa ke nan, mayar da takardar ba ya tsayar da shi. Ta ce in riƙa duba ranar lalacewa a jikin kwalin, in guji wanda aka daɗe da shanyawa a rana a teburin mai agogo, domin batir mai rauni ba kashe na'ura kawai yake ba, kafin ya mutu sauti kan riƙa karkarwa yana yankewa.

Sannan aka shiga gwajin kansa. Ta nemi takardar gwajin da aka yi mini lokacin saye, don ta kwatanta. Ba a ba ni ba. Sai da na koma shagon na yi ta naci kafin aka lalubo aka ɗauki hotonta aka turo wa ɗana. Wanda duk za a saya wa na'ura ya karɓi kwafin wannan takarda, da rasit, da katin garanti, ya adana su wuri ɗaya. Ranar gwajin an ɗan jira a tayar da janareta. Ɗaki ne ƙarami mai kaurin bango, a sa maka abin saurare a kai, a ba ka maɓalli ka danna duk lokacin da ka ji ƙara komai ƙanƙantarta. Ana bin sautuka daga masu kauri, 250 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), har zuwa masu siriri, 8000 Hz. Akwai wanda ake ɗora wa a ƙashin bayan kunne, akwai kuma wata na'ura da ke hura iska kaɗan a kunne don auna motsin dodon kunne. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rarrabe ƙarar gwaji da kukan da kunnena ke yi da kansa tun zamanin masaƙa. Ta ce in danna ko da ina shakka, suna maimaitawa. Da ta shimfiɗa takardun biyu sai na ga layin nawa yana tafiya sama-sama a sautuka masu kauri, ya gangara rami wajen 4000. Ta ce wannan ramin tambarin hayaniyar injuna ne, kuma a wannan yanki baƙaƙe irin su s da sh da ts da f suke zaune, shi ya sa nake jin murya ba na tsintar kalma. Sabon layin ya ɗan ƙara sauka a kan tsohon. Ma'ana na'urorin suna aiki ne da saitin kunnen da nake da shi a da.

A nan aka ci karo da abin da ban taɓa zato ba. Saitin ba da hannu ake yi ba, da kwamfuta ake yi, kuma kowane kamfani, ko Phonak ne ko Oticon ko Signia ko ReSound, da manhajarsa. Asibitin ba su da ta kamfanin da ya ƙera nawa. Shagon da suka sayar kuwa suka ce mai yi musu saiti daga wani gari yake zuwa, ba su san ranar zuwansa ba. Jami'ar ta nuna mini inda aka rubuta sunan samfurin da lambarsa a jikin na'urar, da ƙananan haruffa, ta ce duk inda zan je in buga waya tukuna in karanta musu, in tambaya ko suna da manhajar da abin haɗawa, in kuma tambayi kuɗin saita na'urar da ba a wurinsu aka saya ba. Masu karɓar tsarabar na'ura daga Saudiyya ko Dubai su lura da wannan sosai. Ɗana ya yi ta buga waya har aka dace da wata cibiya mai zaman kanta a Abuja. Ta kuma ba ni aikin gida: in sami ɗan littafi in riƙa rubuta inda sauti ya dame ni, da lokacin, da yadda ya yi. Ta ce, "Baba in ka je ka ce ba ta yi kawai, ƙara ƙarfi za su yi su sallame ka."

Muka hau jirgin ƙasa na safe daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja, ni da ɗana, da katin shaida da takardun gwaji biyu da littafin nan. Kuɗin saitin ya ninka duk abin da na biya a asibiti, ban da kuɗin jirgi da na mota, amma ko kusa da farashin sabuwar na'ura bai je ba. Jami'in cibiyar ya karanta littafin layi-layi, kuma kowane ƙorafi da inda ya taɓa a kwamfutarsa. Na rubuta cewa muryata tana yi mini amo kamar ina magana a cikin randa; ya ce toshewar kunne ce ke kawo haka, ya duba ƴar hudar iska da ke jikin robar, ya rage sautuka masu kauri kaɗan. Na rubuta cewa ƙarar kwanuka in ana wanke-wanke da ohon mota suna soka ni har cikin kai. Ya ce kunnen da hayaniya ta lalata haka yake, ƙaramin sauti ba ya jinsa, babba kuma yana yi masa yawa da wuri, sai ya sauko da iyakar ƙarfin na'urar ba tare da ya taɓa ƙananan sautuka ba. Na rubuta cewa muryar jikokina da ta mata ta fi ɓace mini. Ya ɗaga sautuka masu siriri, amma ya ce ba zai kai su inda takarda ta nema a rana ɗaya ba, domin kunnen da ya daɗe bai ji su ba zai ji komai na ƙyas-ƙyas, har mutum ya cire na'urar ya jefa a aljihu. Ya zura wani siririn tiyo a ramin kunnena tare da na'urar, ya kunna magana daga lasifika, ya auna abin da ke isa kusa da dodon kunnen a zahiri. Ba kowace cibiya ke da wannan ma'aunin ba, kuma a ganina ya cancanci a tambaya tun a waya. Da ya ɗaga sirirun sautukan sai fiton hagu ya leƙo kuma. Ya ce robar ta tsufa ta saki, ba ta kama kunnen kamar da. Ya cusa ɗan soso mai zare, ya zuba wani abu mai laushi ya ɗauki zubin kunnen, ya ce sai an aika an ƙera, in jira makonni. Ta mota aka aiko mini da ita, jami'ar asibitinmu ta haɗa mini.

Maganar masallaci ita ce bai yi mini alƙawari a kanta ba, kuma na ji daɗin gaskiyar da ya faɗa. Masallacinmu tayil ne ƙasa da bango, lasifika huɗu a kusurwoyi, murya na dukan bango tana dawowa. Ya sa mini saiti na biyu na wurin hayaniya, wanda ke fifita abin da ke gabana, ya nuna mini maɓallin da yawan ƙarar da zan ji in na canza. Ya taimaka a kasuwa da wurin ɗaurin aure. A huɗuba kuwa abin da ya fi aiki shi ne in je da wuri in zauna kusa da lasifika ɗaya, inda nake ganin bakin liman.

Na ɗauka an gama, sai damina ta sauka. Ta dama ta fara ƙarar tartsatsi, ta ɗauke ta dawo, musamman da yamma bayan na sha zufa a shago. Da safe kuma garau. Wannan bambancin safe da yamma da na rubuta a littafi shi ya sa jami'ar ta ce danshi ne tun kafin ta karɓa. Ta nuna mini ƙananan ɗigon ruwa a cikin tiyo. Ɗigo ɗaya ya isa ya toshe sauti gaba ɗaya. Ta tambaye ni yadda nake alwala. Na ce ina cirewa in sa a aljihun gaba, in na shafa kunne in mayar. Ta ce in riƙa tsane kunnen da hankici tukuna. Da dare kuma in cire batir, in bar ƙofarsa a buɗe, in sa na'urorin a gwangwani mai murfi tare da ƙwayoyin nan masu tsotse danshi. Akwai wanda ake sayarwa musamman don haka, ƙwayoyinsa na canza launi in sun ƙoshi. Ba a shanya na'ura a rana, ba a kai ta kusa da murhu, ba a barin ta a mota a rufe. Tartsatsin ya ragu amma ɗaukewar ba ta daina ba. Da ta duba da gilashin ƙara girma sai ga tsatsa kore-kore a ƙarfen da batir ke taɓawa. Ta goge, ya yi kwanaki ya dawo. Wannan karon ita da kanta ta ce sai an buɗe. Garanti ya riga ya ƙare, don haka na biya, ta hannun cibiyar Abuja, bayan sun faɗi kuɗin kafin su taɓa, kuma na karɓi takarda mai ɗauke da lambar na'urar. Na yi makonni da kunne ɗaya, abin da ya nuna mini amfanin biyun: da ɗaya ina ji, amma ba na sanin ta ina mai babur ke tahowa.

Da zan sake bin hanyar nan, ko in ba wani shawara, jerin da zan bi shi ne kusan wanda aka bi da ni a asibiti: a fara leƙa kunne, sannan batir, sannan tiyo da roba da ramukan makirfo, sannan danshi, sannan sabon gwajin ji da saiti, buɗe na'ura ya zo a ƙarshe. Masu irin na'urar da lasifikarta ke cikin kunne a kan siririyar waya ba su da tiyo, amma suna da ɗan farin matacin datti a bakin lasifikar, wanda ake canzawa, kuma shi ne ya fi yawan kashe musu sauti. Duk wanda ya ce maka na'ura ta mutu bai leƙa kunnenka ba, bai kuma saurare ta da abin saurare ba, ka nemi ra'ayi na biyu. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa na Shika da Kano su ma suna da sashen kunne. Abu ɗaya ne likitan ya ja mini kunne a kansa da ba ya jiran wannan jeri: in ji ya faɗi farat ɗaya a kunne guda, an canza batir an musanya na'ura bai dawo ba, ko ya zo da jiri ko ciwo ko zubar ruwa, to a je asibiti a ranar, domin akwai irin da maganinsa a kwanakin farko ya fi tasiri. Batiran nan kuma, sabo da tsoho, a ɓoye su daga yara. Ƙanana ne masu sheƙi, haɗiye su haɗari ne da ke bukatar asibiti nan take.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne waya. Makirfon irin tawa a saman kunne yake, ba a ramin ba, don haka sai na ɗaga wayar sama kaɗan na karkata ta kafin in ji sosai, in kuma na manna ta da yawa fito ya tashi. Na rubuta shi a littafin, zan kai wa jami'in Abuja idan na koma ya ƙarasa ɗaga sirirun sautukan da ya bari.